Ibnul Haisam: Malamin da ya gano cewa ido ɗan aike ne, ƙwaƙwalwa ke yanke hukunci

Bari in fara maka da abin kunyar da na jawo wa kaina a hutun daminar da ta wuce. Ina gida a Roni, an kwana ana tafka ruwa. Da safe ina buɗe waya sai ga hoton wata gada da ambaliya ta karya, an rubuta a ƙasansa wai hanyar Kazaure ce ta yanke. Wallahi ban yi daƙiƙa biyar ina kallonsa ba na cilla shi guruf ɗin danginmu na WhatsApp, har da ƙara masa alamar kuka. Kafin hantsi Gwaggo ta fasa zuwa ganin likita a Kazaure, alhali ranar aka ba ta. Wajen azahar sai ga kiran Kawu, wanda direba ne, kuma da safen nan ya bi hanyar lafiya lau. Bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko haka ake koya mana aikin jarida a jami'ar.

Na koma na buɗe hoton na tsura masa ido. Lambar motar da ke gefen gadar ba irin ta Najeriya ba ce. A bayan gadar ga bishiyoyin kwakwa reras, abin da ba ka taɓa gani a tsakanin duwatsun Roni. Duk suna cikin hoton tun kallon farko. Haskensu ya shiga idona, amma ni ban gan su ba.

To ta yaya abu zai shiga ido mutum bai gan shi ba? Kuma wane ne a cikin kaina ya yanke cewa gadarmu ce tun ban gama dubawa ba? Mutumin da ya zauna ya warware wannan tambaya dalla-dalla ya rasu kusan shekara 1,000 da ta wuce. Sunansa Abu Ali al-Hasan ibn al-Hasan ibn al-Haisam, Turawa kuma suna kiransa Alhazen. Shi ma ya taɓa yanke hukunci daga nesa kamar ni da kai, sai dai nasa ya kusa sa ya rasa ransa.

Alƙawarin da ya ɗauka daga nesa

An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965 Miladiyya, wato 354 bayan Hijira. Basra gari ne na masana tun da daɗewa. A nan Khalilu bin Ahmad ya tsara awon waƙar Larabci, a nan Sibawaihi ya yi karatun nahawu. Kafin a haife shi an shafe fiye da shekara 150 ana fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci, don haka ya taso ya tarar da lissafin Iƙlidis, wanda kake ji a aji ana kira Euclid, da ilimin taurari na Batlimus, da likitancin Jalinus, duk a harshensa. Ya karance su har sunansa ya fita a fagen lissafi.

Marubucin tarihi Ibnul Ƙifɗi, wanda ya rasu a 1248, shi ya kawo labarin da ya juya rayuwarsa. Yana zaune a Iraƙi ya furta cewa da a Masar yake, da ya yi wa Kogin Nilu aikin da za a riƙa amfana da shi ko ya cika ko ya janye. Ka san fa rayuwar Masar kacokan a kan wannan kogi take. Shekarar da ruwan ya yi ƙasa, yunwa. Shekarar da ya wuce kima, ya share gonaki da gidaje. Shi kuwa malam da abin da ya ji ana faɗa game da kogin ya gina maganarsa.

Zancen ya kai kunnen Al-Hakim bi Amrillah, halifan Faɗimiyyawa da ya mulki Masar daga 996 zuwa 1021. Sarki ne mai son ilimi, shi ya buɗe Darul Ilmi a Alƙahira a 1005. Amma kuma ba a gane gabansa da bayansa. Ya taɓa hana cin mulukiyya, ganyen nan da mu muke kira lalo. Ya sa an karkashe karnukan birni. Manyan ma'aikatansa da dama a hannunsa suka rasa rayukansu. Wannan sarki ne ya aika wa Ibnul Haisam kuɗi da goron gayyata, ya kuma fita da kansa ya tarbe shi a bayan gari.

Aka haɗa shi da magina suka nausa kudu. A hanya yana ta wuce gine-ginen mutanen da, manyan duwatsu an sassaƙa an ɗora bisa lissafi, sai jikinsa ya fara sanyi. Ya ga cewa waɗanda suka iya wannan aiki, in da datse kogin mai yiwuwa ne, ai da sun riga shi. Da ya isa Janadil, kudu da Aswan, inda ruwan ke ratsa duwatsu, ya duba wannan gaɓa ya duba waccan, ya tabbatar abin da ya tsara a kansa ba zai yiwu ba. Hangen Dala ba shiga birni ba.

Yanzu sa kanka a matsayinsa. Sarkin da ke kashe mutane a kan abin da bai kai wannan ba yana jiran ka. Kana iya fara aikin ka yi ta jan lokaci, kamar yadda muke gani ana yi da kwangila. Shi dai ya koma ya ce ya yi kuskure. Al-Hakim ya nuna kamar ya karɓi uzurin, ya ba shi muƙami a wani ofishin gwamnati. Ya karɓa don tsoro, daga baya ya ga mafita ɗaya ce ta rage masa, sai ya tsiri haukan ƙarya. Aka riƙe dukiyarsa, aka tsare shi a gida. Haka ya zauna har watan Fabrairun 1021, daren da Al-Hakim ya hau jakinsa ya nufi tsaunin Muƙaɗɗam bai dawo ba. Nan take malam ya warke.

Kuma gaskiyarsa ce da ya janye. Sai a 1902 aka iya gina madatsar ruwa a Aswan, babbar kuma aka gama ta a 1970, da injuna da siminti da ƙarfe.

Da ya samu kansa sai ya tare a wani ɗan ɗaki kusa da ƙofar Masallacin Azhar. Duk shekara yakan kwafe manyan littattafan lissafi da hannunsa, ya sayar dinari 150, ya ci abinci da su har shekara ta zagayo. A Alƙahiran nan ya rubuta Kitabul Manazir, littafi mai kashi bakwai a kan haske da gani.

Ido tocila ne ko taga?

Kafin shi, masana sun haura shekara 1,000 suna gardama a kan yadda ake gani. Iƙlidis da Batlimus, har da Al-Kindi na Bagadaza, sun tafi a kan cewa ido ne ke fitar da wani haske ya je ya taɓa abu, kamar tocila. Wasu kuma, cikinsu har da Ibn Sina wanda suka yi zamani ɗaya, sun ce siffar abu ce ke zuwa ta sami ido, sai dai ba su da lissafin da zai nuna yadda hakan ke faruwa.

Ibnul Haisam ya ce a gwada. Ka kalli rana idonka ya yi zafi, ke nan wani abu ne ya shigo daga waje ya cutar da shi. Ka ƙura wa abu mai tsananin haske ido sannan ka juya ga duhu, za ka ci gaba da ganin tabonsa na ɗan lokaci. Sai ya jera kyandirori a gaban wata ƙaramar huda da ke shiga wuri mai duhu. Kowane kyandir ya ba da ɗigon haskensa daban a bango. Ya kare ɗaya, ɗigonsa kaɗai ya ɓace. Ya buɗe, ya dawo. Da haka ya nuna haske a miƙe yake tafiya, kuma hasken wannan ba ya cakuɗewa da na wancan ko da ta huda ɗaya suka bi.

Kai ma ka sha ganin wannan. Ka tuna zaren hasken da ke saukowa ta hudar kwanon ɗaki da rana tsaka, ƙura na yawo a cikinsa? Shi ke nan fa. A kan wannan ƙa'ida kamarar wayarka ke aiki. Ya rufe gardamar da cewa kowane ɗigo a jikin abu yana watsa haske ta ko'ina, ido kuwa karɓa kawai yake yi.

Inda gani ke kammala

Ko a nan ya tsaya ya isa a tuna da shi. Amma abin da ya sa na kawo maka shi yau yana kashi na biyu da na uku na littafin.

Ya lura idanunmu biyu ne amma abu ɗaya muke gani. Ya bi jijiyoyin da suka fito daga bayan kowane ido har inda suka haɗu, ya ce saƙon wucewa yake zuwa ƙwaƙwalwa, a can gani ke kammala. Sannan ya lissafa abubuwa 22 da muke ganewa ta hanyar gani, irin su nisa, girma, siffa, motsi, adadi, santsi, kaushi, kyau, muni da kamanni. A cikinsu duka, haske da launi kaɗai ido ke ji kai tsaye. Sauran duk sai hankali ya rarrabe, ya kwatanta da abin da ya taɓa gani, ya fitar da hukunci. Kuma aikin na gudana da saurin da ba ka jin ka yi shi, sai ka ɗauka gani kawai ka yi.

Ga misali. Kana tsaye a bakin titi, mutum na tahowa daga can nesa. A idonka bai kai tsinken ashana ba, amma ba ka taɓa cewa ga wada nan tafe. Ƙwaƙwalwarka ta auna gonaki da bishiyoyin da ke tsakaninku, ta gane nisa ne, ta mayar masa da tsayinsa. Da irin wannan ya bayyana dalilin da ya sa wata daren sha huɗu ke fitowa ƙato ta bayan duwatsu, in ya hau tsakiyar sama ya koma ƙarami. Watan bai canja ba, ƙiyasin nisan da kanka ke yi ne ya canja. In kana musu ɗauki hotonsa a lokutan biyu ka gwada.

Ya kawo misalin ƙaramin yaro da aka miƙa wa tuffa biyu ya zaɓi wadda ta fi kyau. Yaron ya kwatanta, ya yanke hukunci, alhali bai san ma mene ne kwatance ba. Ya kawo mai karatu da ke gane kalmar da ya saba da ita ba tare da ya bi haruffanta ɗaya bayan ɗaya ba, kamar dai yadda kake yi da wannan rubutu yanzu. Ya kuma kawo abin wasan yara mai juyawa, irin katantanwar da muka yi wasa da ita, wanda aka shafa wa launuka daban-daban. In yana juyi da sauri launi ɗaya za ka gani. Wato ko launi ma sai an ba shi lokaci kafin a gane shi.

Kallon farko da kallon tsanaki

Daga nan ya raba gani gida biyu. Akwai na farat ɗaya, wanda ya kira badiha, inda hankali ke cafko alama ɗaya ko biyu ya cike sauran da abin da ya riga ya sani. Akwai kuma na tsanaki, ta'ammuli, inda kake yawo da tsakiyar idonka a kan abu gefe zuwa gefe har ka bi kowane sashe nasa. Ya gano abin da ke daidai tsakiyar kallonka ne kaɗai ke fitowa tar, na gefe dishi-dishi ne. A wurinsa, ba a tabbatar da hakikanin siffar abu sai da kallo na biyun.

Gwada yanzu. Miƙa hannunka ka kalli farcen babban yatsanka. Wurin da idonka ke gani tar bai wuce faɗin wannan farce ba sosai. Abin da ya sa kake jin kamar kana ganin komai sarai shi ne idonka na tsalle daga wuri zuwa wuri kamar sau uku a kowace daƙiƙa, ƙwaƙwalwa na ɗinke guntayen.

Kashi na uku na littafin kacokan a kan kuskuren gani ne. Ya ce akwai sharuɗɗa takwas da in ɗaya ya fita daga daidai gani zai yaudare ka: nisa, matsayin abu, haske, girmansa, kaurinsa, tsabtar iskar da ke tsakani, lafiyar ido, da lokaci. Wanda ke cikin jirgin ruwa sai ya ga bishiyoyin gaɓa na gudu. Mai kallon sama sai ya ga wata na tsere a cikin gajimare, alhali gajimaren ke tafiya. Riƙe sharaɗi na ƙarshen nan, lokaci, za mu dawo kansa.

Bayan rasuwarsa

Ya rasu a Alƙahira wajen 1040, yana da shekara kamar 75. An lissafa masa rubuce-rubuce kusan 100, fiye da 50 sun iso gare mu. A cikinsu akwai wanda ya bi kura-kuran Batlimus ɗaya bayan ɗaya, duk da girman da yake ba shi, inda ya nuna cewa mai neman gaskiya ba ya sallama wa marubuci don sunansa, kuma kansa ma sai ya riƙa tuhuma.

Wajen shekarar 1200 aka fassara Kitabul Manazir zuwa Latin, masana irin su Roger Bacon na Ingila suka ɗora a kansa. A Farisa, Kamaluddin al-Farisi ya yi masa sharhi wajen 1300. A 1572 aka buga shi a birnin Basel. A 1867 Bajamushen nan Hermann von Helmholtz ya sake zuwa da maganar cewa gani hukunci ne da hankali ke yankewa ba da saninmu ba, sama da shekara 800 bayan Ibnul Haisam. Yau akwai rami a duniyar wata mai sunansa, Iraƙi ta taɓa sa hotonsa a takardar dinari 10,000, kuma a 2015, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa haske, an yi bikin cikar littafin shekara 1,000.

Inda ya kuskure, da abin da aka gano

Ba komai ya dace ba. Ya ɗauka ɗan madubin da ke cikin ido ne ke jin haske, wanda yanar ido ke rufewa. Sai a 1604 Johannes Kepler ya nuna a tantanin bayan ido hoton ke sauka, kuma a kife. Ya kuma ɗauka a gaban ƙwaƙwalwa saƙon ido ke sauka. Ashe a ƙeya ne. Wani likitan ido ɗan Japan, Tatsuji Inouye, ya duba sojojin da harsashi ya sama a ƙeya a yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905. Idanunsu lafiya ƙalau, amma kowa ya rasa wani yanki na ganinsa daidai da inda raunin yake.

Daga ƙeya saƙon ke rabuwa biyu. Hanya ɗaya ta gangara ta wajen kunne, ita ke gane mene ne wannan, fuskar wa ce. Ɗaya ta hau sama wajen tsakar ka, ita ke gane ina abin yake. In ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa wannan sashe na sama ta dama, wani majinyacin sai ya ci rabin kwanon abincinsa na dama ya bar na hagu, ko ya aske gefe ɗaya na gemunsa. Ba makanta ba ce. Hankalinsa ne ya daina zuwa hagu.

To wa ke tura hankali inda zai je? Direba biyu ne. Na farko yana aiki da wani ɗan tudu a can ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda kifi da kwaɗi ma suna da irinsa. Da wani abu ya gilma ko ya ƙyalla, ya fizgi idonka can kafin ka yi tunani. Shi ke ceton ka in ɗan acaɓa ya ɓullo ta gefe. Na biyu yana bayan goshi, yana haɗa kai da sashen tsakar ka. Shi ke riƙe da abin da ka sa a gaba, ya umarci sassan gani su ƙara wa wannan ƙarfi su rage wa saura. Shi ya sa kake iya tsamo ƙanwarka a cikin cunkoson kasuwa don ka san kalar hijabinta.

Ragewar nan ba wasa ba ce. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris na Jami'ar Harvard sun nuna wa mutane bidiyon 'yan ƙwallon kwando, suka ce a ƙirga sau nawa masu farar riga suka miƙa wa juna ƙwallo. Ana cikin haka wata ta ratsa tsakiyarsu sanye da kayan goggon biri. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba. Bishiyoyin kwakwar nan su ne goggon birina.

Yanke hukunci ma an leƙa yadda yake. William Newsome na Jami'ar Stanford da Michael Shadlen sun koya wa birai kallon ɗige-ɗige masu motsi a allo, su nuna da ido ko dama suka fi nufa ko hagu. Suka tarar wasu ƙwayoyin jijiya a sashen tsakar ka na ƙara zafin aiki a hankali yayin da hujja ke taruwa, kamar ana zuba hatsi a mudu. Da ya kai wani ma'auni, sai biri ya zaɓa. In aka yi gaggawa, da 'yar hujja kaɗan za a yanke, kuskure kuma ya yawaita. Ka ga sharaɗin lokaci ya dawo.

Shi kuma sashen bayan goshi, labarin Phineas Gage ya nuna aikinsa. Shugaban leburorin titin jirgin ƙasa ne a Amurka. A 1848 nakiya ta tashi ta harba sandar ƙarfe ta kuncinsa na hagu ta fita ta saman kansa. Ya rayu har 1860, yana gani yana magana, amma likitansa John Harlow ya bayyana yadda ya koma mai tsara abu yanzu ya watsar anjima. Ke nan Ibnul Haisam bai yi nisa da gaskiya ba da ya nuna gaban kai, don alƙalin na zaune a can. Kuma ga abin da ya shafe mu: wannan sashe ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Ni da ke rubutun nan nawa bai gama ba tukuna.

Mu dawo kan wayarka

Duba yadda aka tsara TikTok da Facebook da Instagram. Jan ɗigo a kan alamar saƙo, bidiyon da ke tashi da kansa, sabon hoto da zarar ka ja yatsa. Duk direba na farko suke kira, mai fizga. Kafin na bayan goshi ya gyara zama ka wuce abu goma, ka yanke wa kowanne hukunci, ka tura biyu. Kallon farat ɗaya muke yi daga safe har dare.

Nawa kuskuren ya tsaya a kan ranar asibitin Gwaggo. Wani ba ya tsayawa nan. Binciken da BBC ta fitar a 2018 ya gano cewa a cikin hotunan da aka yaɗa a Facebook lokacin rikicin Jihar Filato na watan Yunin shekarar, akwai wanda ba a Najeriya ma aka ɗauke shi ba, daga Kongo yake, kuma ya yi shekaru. 'Yan sandan jihar sun ce irin waɗannan hotuna sun ƙara rura wutar da ta ci rayuka. Yanzu kuma ga hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira da kanta sun shigo.

Abin daɗin shi ne maganin ba shi da tsada. A wani bincike da Gordon Pennycook da David Rand da abokan aikinsu suka wallafa a mujallar Nature a 2021, an nemi masu amfani da Twitter su auna gaskiyar kanun labari guda ɗaya tak. Bayan nan labaran da suka riƙa turawa sun fi inganci. Yawancinmu ba ƙarya muke so ba, hankalinmu ne ke wani wuri lokacin da yatsa ke aiki.

Don haka ɗan uwa, 'yar uwa, in hoto ya tayar maka da hankali, nan ne ma ya fi kamata ka dakata. Yi masa ta'ammuli. Bar tsakiyar da aka so ka kalla, ka bi gefe-gefe: lambar mota, rubutun allon shago, irin bishiyoyi, suturar mutane, yanayin gari, damina ce ko rani. Rufe rubutun da aka liƙa masa da yatsa ka tambayi kanka ko hoton shi kaɗai ya faɗi wannan magana. Saka shi a Google Lens ka ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri. In abin a kusa ne, kira wanda ke can, kamar yadda ya kamata in kira Kawu. In kuma ka riga ka tura sannan ka gano ba haka ba ne, koma inda ka tura ka faɗa. Ibnul Haisam ya yi hakan a gaban sarkin da ke iya sare masa kai. Kai guruf ne kawai zai yi maka dariya na kwana biyu.

Ni ma na koma na ba da haƙuri a guruf ɗinmu, an kuma yi mini dariyar. Gwaggo ta samu wata ranar bayan mako biyu, kuma ni na biya mata kuɗin mota, daga kuɗin datana.